Ƙofar Hagu ta Rigar Dorati

"Victor, kai ka sa aka ɗinke rigar nan, kuma takardar da ka kafa a gabanta ƙarya ce."

Inna Lailatu ba ta ɗaga murya ba, muryarta ce haka. Wadda ta yi shekara ashirin da wani abu tana magana a kan ƙarar kekunan ɗinki shida ba ta iya raɗa ba. Matan da ke kusa suka juyo. Mai ɗaukar hoto ya sauke kyamararsa. Victor Gaiya yana gaisawa da wasu baƙi daga Abuja, ya saki hannun da yake riƙe da shi ya taho da sauri, yana irin murmushin da ake yi wa tsofaffi a gaban mutane.

"Inna Laila, sannu da zuwa. Ban san za ki zo ba. Zo ki zauna a kawo miki lemo."

"Ai ba ka gayyace ni ba, ta ina za ka sani? A rediyo na ji. Kuma ba lemo ya kawo ni ba."

Taron na cika shekara guda ne da rasuwar mahaifiyarsa, Madam Dorothy Gaiya, mai shagon ɗinki a Ketaren Gwari, wadda kusan kowace mace a Minna ta taɓa saka rigar da ake kira da sunanta. An kama zauren wani otal, an jera riguna a jikin mutum-mutumi, an kewaye su da jar igiya. A tsakiya, a kan wani ɗan dandamali, aka tsai da rigar farko: atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye, ta koɗe don wanki, da ninki biyu da suka sauko daga kafaɗa zuwa ƙugu, ɗaya dama ɗaya hagu. Wannan ninkin shi ne Dorati, yadda mutanen gari ke faɗin sunan Dorothy. Ka je wajen kowane tela daga Bosso har Chanchaga ka ce Dorati kake so, ba zai tambaye ka kome ba sai awo.

Lailatu ta taso daga Maitumbi tun ƙarfe goma, a keke napep, ba ta gaya wa ɗanta Rilwanu inda za ta ba. Da ta shigo ba ta kalli hotuna ba, ba ta kalli kujeru ba, wajen rigar ta nufa. Daga bayan igiya ta ga abin da ba wanda ya gani. Ninkin hagu ya kwanta lif a jikin mutum-mutumin. Fankar sama tana kaɗawa, amma bai motsa ba. Ninkin da ta yanka da hannunta ba ya kwanciya haka, sai in an kama shi da zare ta ciki.

Sannan ta ga farar takarda a ƙasan rigar. Ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa, don haka ta taɓa wata dattijuwa mai tabarau da ke tsaye kusa ta ce ta karanta mata. Matar ta juyo, ashe Sista Mabel ce, tsohuwar nas, ɗaya daga cikin masu kawo ɗinki na farko-farko. Suka gaisa gajeriyar gaisuwa. Mabel ta karanta Turancin a ranta, sannan ta mai da shi Hausa: wai Madam Dorothy ta ƙirƙiro wannan ninki ne bayan ta dawo daga kwas a London, don ya ƙawata kafaɗa ya kuma fito da tsayin mace.

"Sake faɗa," in ji Lailatu.

Mabel ta sake. Shi ne Lailatu ta juya ta nemo Victor da ido.

Abin da ya faru kuwa, tana nan da shi a kanta kamar jiya. Lokacin ba a daɗe da mai da Minna babban birnin jiha ba, ma'aikata suna ta zubowa gari. Lailatu tana amarya a gidan haya a Ketaren Gwari, tana ɗan ɗinki a tsakar gida da keken ubanta, Malam Mika'ilu, telan da ya tsufa yana ɗinka wa 'yan reluwe kaki. Shi ya koya mata yanka. Ba ya amfani da tef, igiya yake ɗaura wa mutum ya yi ƙulli a kafaɗa, ƙulli a ƙirji, ƙulli a ƙugu, ya rataye igiyar a ƙusa. Haka ita ma ta tashi. Kowace mai ɗinki da igiyarta, kuma Lailatu ba ta taɓa rikita ta wata da ta wata ba.

Ɗakin da ke kallon nata na wata 'yar kudancin Kaduna ne, Dorothy, mai buga tafireta a sakateriya. Tana da jariri ɗan wata uku. Kullum da rana ƙanwarta takan goyo shi zuwa ofis ya sha nono. Rigar ofis ɗin kuwa farar shat ce mai maɓallai a baya, sai Dorothy ta shiga ɗakin ajiyar fayil ta tuɓe rabin jikinta, ƙanwar tana tare ƙofa. Ran nan wani masinja ya turo ƙofar. Dorothy ta dawo gida da yamma ta zauna a bakin rijiya, ta ce ita kam ko aikin ko yaron, ɗaya za ta yaye.

Lailatu ta dube ta, ta dubi ƙirjinta, ta ɗauko igiya. Da ragowar atamfar lefenta ta yanka rigar. Ta yi ninki mai zurfi kowane gefe, a ƙarƙashin kowanne ta bar ƙofa tsawon taƙi ɗaya. Ba maɓalli, ba zif. Nauyin ninkin da kansa yake rufe ta. Uwa ta sa yatsa biyu ta ɗaga, yaro ya sa baki, wanda ke zaune kusa da ita a mota bai san abin da ake ciki ba.

Sauran aikin na Dorothy ne, wannan Lailatu ba ta taɓa musu ba. Dorothy ce ta saka rigar da siket ɗin atamfa ta shiga ofis a zamanin da ake ganin atamfa kayan kasuwa ce da coci. Sau biyu shugaban ofis yana koro ta gida ta canja, ta koma ta uku da wata atamfar da ta fi ta farko haske. Malaman makaranta suka gani suka so, nas-nas suka so, matan banki suka so. Dorothy ta ajiye tafireta ta kama shago. Ita ta san launin da zai shiga da launi, ita ke zuwa Kaduna ɗauko yadi, ita ta iya gaya wa matar kwamishina cewa wannan wuyan bai dace da ita ba, matar ta yi godiya. Ita ta kai rigar Legas. Lailatu tana ciki, bayan labule, da almakashi da igiyoyinta. London kuwa Dorothy ta je, gaskiya ne, wata uku, amma lokacin Victor yana aji huɗu a firamare.

Rabuwarsu ma a kan ƙofar nan ce. Da zamani ya juya, 'yan mata suka fara son Dorati don ado kawai, matsattsiya, da zif a baya. Dorothy ta ce a riƙa ɗinke ninkin, ya fi sauri kuma ya fi kama jiki. Lailatu ta ce ita ba ta yanka ƙofar ƙarya. Dorothy ta ce, a gaban yaran shago, ai zamanin igiya ya wuce, akwai masu takardar shaida da za su yanka abin da aka ce su yanka. Lailatu ta kwashe igiyoyinta daga ƙusa ta zuba a leda ta fita. Shekara ashirin da biyu ke nan. Da Dorothy ta rasu ta je gaisuwa, ta zauna cikin mata minti goma, aka ce marigayiyar ta sha jinya, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta tafi.

"Inna," in ji Victor, ya rage murya, "takardan nan wani ɗan jarida ne ya rubuta mana. In akwai ɗan kuskure, bayan taro sai mu zauna."

"Ka karanta kafin a kafa?"

"Na duba."

"Ka duba. Shekararka nawa uwarka ta je London?"

"Ba zan iya tunawa ba."

"Ni na tuna, ai a ɗakina ka kwana wata uku kana min fitsari a katifa. Rigar nan kuwa ta girmi haƙoranka."

Wani daga cikin baƙin Abuja ya yi dariya ya mai da ita tari. Victor ya dube shi, ya dubi agogo. Yana da shekara arba'in da bakwai, ga furfura ta fara fito masa a gemu, ga babbar riga da aka yi wa aiki har ciki.

"Kuma ba ado ba ne," Lailatu ta ci gaba. "Kafaɗar wa aka ƙawata? Ƙofa ce. Ta nan ka sha nono, kai ɗin nan, a ɗakin fayil na sakateriya. Don bakinka aka yanka ta."

"Haba Inna, akwai baƙi."

"Baƙin ba su sha nono ba ne?"

Sista Mabel ta cire tabarau tana gogewa da gefen gyale. "Gaskiya ta faɗa, Victor. 'Ya'yana uku a cikin Dorati na shayar da su, a bencin bayan ɗakin haihuwa, tsakanin allura da allura. Ni ma da na karanta takardar nan na ce ko wata rigar ake nufi."

Mutane sun fara taruwa. Rabin matan zauren Dorati ce a jikinsu, ta leshi, ta shadda, ta atamfa mai tsada, don haka aka rubuta a katin gayyata. Wata budurwa ta sa yatsa ta ɗaga ninkin rigarta ta leƙa. Ba kome a ƙasa sai ɗinki. Ta dubi ƙawarta, ita ma ta leƙa nata.

"Ni ban sa kowa ya ɗinke kome ba," in ji Victor. "Yadda muka same shi a akwatin Mama, haka muka kawo shi. Guga kawai aka yi."

"To guga ce ta yi ɗinki."

Ta ɗaga jar igiyar ta sunkuya ta wuce. Wani mai gadi ya taso, Victor ya ɗaga masa hannu. Lailatu ta hau dandamalin da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ta kwance haɓar zaninta ta fito da reza a naɗe cikin takarda. Ba ta fita sai da reza, tun tana budurwa. Niyyarta ɗaya ce: ta farke zaren a gaban kowa, ta zura hannu ta fito da shi ta ɗaya gefen, kowa ya gani da idonsa.

Ta fara taɓa ninkin dama, don ta san daga inda za ta soma. Yatsunta suka shige. Ƙofar a buɗe take, bakinta da kalmasar da ta yi mata da allura tun ran farko, ba abin da ya taɓa ta.

Ta tsaya. Wanda ya ɗinke riga don ta yi kyau a hoto, duka biyun zai ɗinke.

Ta koma hagu, ta ɗaga gefen ninkin ta kai idonta kusa. Ba keke ba ne, ɗinkin hannu ne, da baƙin zare a kan shuɗin yadi. Zaren a ruɓanye, takun allurar wani dogo wani gajere, kuma a ƙarshe an yi ƙulli a waje an gatsa da haƙori, an bar wutsiya. Mutum ɗaya ta sani a duniya da ke ɗinki haka. Sau nawa ta buge mata hannu tana cewa a ɓoye ƙulli a ciki, ita kuma tana dariya tana cewa ai shi ya sa Allah ya ba ta Laila.

"Dorati ce," ta faɗa. Ba da kowa take ba.

Abin ya zo mata wuya. Wato bai ishe ta ba ta rufe ƙofar rigunan 'yan mata, sai da ta koma akwati ta ɗauko ta farko, ta lefen Lailatu, ta rufe ta da wannan mugun ɗinkin nata. Ta warware takardar rezar.

"Inna, don Allah kar ki yanke."

Sandra ce, matar Victor, wadda tun ɗazu take can wajen masu abinci. Ta ƙaraso har bakin igiya, tana riƙe da tarin faranti da ta manta ba ta ajiye ba.

"Ni na zura mata zaren," in ji Sandra. "Idonta ba ya gani sosai lokacin. Baƙi ne kawai a gidan."

"Don me?"

Sandra ta dubi mijinta. Victor yana kallon ƙasa.

"Shekara tara da suka wuce an yi mata aiki a Zariya. Ciwon daji ne. An cire nonon hagu gaba ɗaya. Ta ce kar a gaya wa kowa, ko a coci ba a sani ba. Da muka dawo gida duk rigar da ta saka sai ta ce tana cin wurin. Ta rame sosai, sai ta ce a buɗe akwati a ɗauko wannan, ta yi laushi, kuma ta koma daidai jikinta. Wata shida ita take sakawa, a wanke da yamma ta saka da safe. Amma in ta zauna ƙofan yana buɗewa, jikoki suna ganin bandeji. Shi ne ta ɗinke."

"Ta dama fa?"

"Na ce mata a haɗa duka. Ta ce a'a, wannan ba abin da ya same shi, a bar wa Laila aikinta."

Zauren bai yi shiru ba. Can gaba ana gwada lasifika, masu raba abinci suna ta kai da kawo, wata waƙar coci tana tashi ƙasa-ƙasa. Na kusa ne kawai suka ji. Sista Mabel ta mai da tabaranta, ta ce ita nas ce amma ba ta lura ba, sau biyu suna haɗuwa a kasuwa.

Lailatu ta daɗe tana kallon baƙin zaren. Ta lissafa, shekara tara baya tana Maitumbi, lafiyarta lau, tana yanka wa matan unguwa kayan suna. Daga Maitumbi zuwa Ketaren Gwari keke napep biyu ne. Da an aiko, da ta zo da allura ta yi mata ɗinkin da ba mai gani, ta sa mata auduga a ciki yadda gefen zai cika ya yi daidai da ɗan'uwansa. Aikin rabin awa ne. Matar da ta koya wa garin nan saka kaya ta zauna wata shida da ƙulli a waje.

Ta sa babban yatsa ta kwantar da wutsiyar zaren. Wutsiyar ta sake tashi. Ta bar ta.

Sannan ta naɗe rezar a takardarta, ta ƙulle a haɓar zani, ta gyara ninkin hagu ya kwanta yadda ta same shi. Victor ya saki numfashi, ya miƙo mata hannu don ta sauko.

Ba ta karɓa ba.

"Ɗinkin nan a bar shi," ta ce. "Mai shi ta san dalilinta, kuma ta tafi inda ba zan iya tambayarta ba. Amma takardar nan ba Dorati ta rubuta ba. Dorati ta yi min abin da ta yi min, ban yafe ba tukuna, amma ko ranar da muka rabu ba ta ce London ba. Mai rai ne ya rubuta, mai rai ya duba, mai rai ya kafa."

"Za a canja, Inna. Gobe-gobe zan sa a buga wani."

"Gobe waɗannan suna nan? Gobe mai hoton nan bai kai wa duniya ba?"

"To me kike so in yi? In sa sunanki? Zan sa."

"Ka sa, ban hana ka ba, ko da yake ba iya karantawa zan yi ba. Ni abin da na ji da kunnena shi na sani."

Daga gaban zauren mai gabatarwa ya buga lasifika sau biyu, ya yi sallama da Hausa da Turanci, ya ce yanzu za a saurari tarihin marigayiya daga bakin ɗanta, Mista Victor Gaiya. Aka fara tafi. Victor ya taɓa aljihun babbar rigarsa inda jawabin yake a ninke. Lailatu ta ga hannun, ta kuma san abin da ke cikin takardar, tun da mutum ɗaya ne ya rubuta su.

Ta matsa kusa da mutum-mutumin, ta zura hannunta cikin ƙofar dama har wuyan hannu, ta bar shi a nan inda kowa zai gani.

"Ga shi ana kiranka," ta ce. "Ka hau ka gaya musu ƙofa ce, ka gaya musu wa ya yanka ta, ka gaya musu bakin wa aka yanka wa. Zancen na hagun ba sai ka faɗa ba, wannan na uwarka ne. In kuma London ɗin za ka karanta, ka karanta ina tsaye a nan, sannan ka sauko ka dube ni ka gaya min wace ce ta yi ƙarya tsakanina da uwarka."

Tafin ya fara raguwa. Mai gabatarwa ya sake kiran sunan, yana leƙen bayan zaure.

"Je ka, Victor. Amsa nake jira."